Kafin a karɓe wayar Baba: yadda ake auna mu'amalar mai gigin tsufa da na'urorin yau da kullum

A yawancin gidaje ba a gaban likita ake fara gane cewa ƙwaƙwalwar dattijo ta soma rauni ba. A wajen mai POS ake ganewa, ko a gaban mitar wuta, ko ranar da katin banki ya toshe saboda an danna lambar sirri ba daidai ba sau uku a jere. Hirarsa tana nan lafiya lau, gaisuwa ba ta canza ba, ya san sunan kowane jika, yana kawo tarihin abin da ya faru shekara arba'in da suka wuce. Amma kati na ɗari biyar ya gagare shi sakawa a wayar da ya shekara takwas yana riƙe da ita.

Dalilin haka a fili yake. Gaisuwa da hira da alwala abubuwa ne da jiki ya haddace tun ƙuruciya, su ne na ƙarshen zubewa. Na'ura kuwa tana neman abubuwa da yawa a lokaci guda: ka riƙe lamba a ka, ka bi matakai a jere ba tsallake, ka karanta abin da allo ya ce, ka yanke shawara kafin lokaci ya ƙare, in ka yi kuskure kuma ka gane ka gyara. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da cutar Alzheimer da danginta suke fara taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, wato gigin tsufa, a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ita. Tsakanin lafiyayyar ƙwaƙwalwa da cikakken gigin tsufa akwai wani mataki da likitoci ke kira ƙaramin raunin fahimta. Babban abin da ke raba shi da cutar mantuwa shi ne ko mutum yana iya tafiyar da harkokinsa da kansa. To a yau harkokin mutum rabinsu cikin na'ura suke, shi ya sa auna su ya zama aiki mai zaman kansa.

Tsoffin ma'aunai sun ɗan taɓo batun. Na Lawton da Brody na 1969 yana da abubuwa takwas: tarho, cefane, girki, kula da gida, wanki, shiga mota, shan magani da riƙon kuɗi. Daga baya wani dogon bincike a kudu maso yammacin Faransa ya nuna cewa huɗu daga ciki, wato tarho da sufuri da magani da kuɗi, su suka fi saurin nuna wanda ƙwaƙwalwarsa ke sauka. Sai dai tarhon 1969 ɗaga kai ne ka juya lamba. Wayar yau banki ce, rediyo ce, tocila ce, akwatin saƙo ce. Tambayar "yana iya amfani da waya?" ta zama kamar ka ce "yana iya zuwa kasuwa?" ba ka faɗi wace kasuwa ba, ba ka faɗi me zai sayo ba.

Waɗanda suka ɗauki wannan giɓi da muhimmanci su ne masu bincike a Cibiyar Karolinska da ke ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Farfesa Louise Nygård, ƙwararriya a fannin taimaka wa majinyata su ci gaba da ayyukansu na yau da kullum. Sun fitar da ma'aunai biyu da ke tafiya tare. Na farko, ETUQ, hira ce ido da ido kan yadda mutum ke amfani da na'urorin yau da kullum, yawanci a gidan mutum, wajen minti 30 zuwa 45. Wanda aka wallafa a 2009 yana da na'urori da hidimomi 86, daga baya suka haura 90, akwai kuma gajere mai 33. Na biyu, META, ba tambaya ba ce, kallo ne: mutum ya ɗauki na'urarsa ya yi aikin da ya saba, mai aunawa yana duban ƙwarewa guda goma. Binciken da aka yi da su ya nuna abin da ake zato, cewa wahalar amfani da na'ura tana ƙaruwa daga masu lafiya zuwa masu ƙaramin rauni zuwa masu cutar mantuwa, kuma yawan na'urorin da mutum ke ɗauka suna da amfani gare shi yana raguwa. Amma ya kuma nuna cewa rukunonin suna shiga juna sosai. Akwai mai cutar da ya fi wani lafiyayye iya sarrafa waya. Don haka wannan awo ba ya yanke hukuncin cuta, aikin likita ne wannan.

Jerin na'urorin nasu na rayuwar Suwidin ne: injin sayar da tikitin jirgin ƙasa, lambar buɗe ƙofar bene, injin dafa kofi. Kwafo shi kai tsaye zuwa Kano ko Maraɗi ɓata lokaci ne, kuma amfani da ma'aunan a hukumance sai wanda ya yi horo a kansu. Abin da ya cancanci aro shi ne tsarin tunanin, kuma mafi daraja a cikinsa ita ce tambayar farko: wannan na'urar tana cikin rayuwar mutumin nan kuwa? Ana ƙirga abu ne kawai idan yana da shi a kusa, kuma yana amfani da shi yanzu, ko ya taɓa yi, ko yana da niyyar yi. Hajiyar da ba ta taɓa tsayawa a gaban na'urar ATM ba tun da take, domin maigida ko 'ya'ya ke ciro mata, ba za a rubuta mata "ta kasa" ba. A rubuta "bai shafe ta ba". Da dabarar lissafin da Georg Rasch ɗan ƙasar Denmak ya fitar a 1960 suke iya ɗora mutum mai na'ura 15 da mai 60 a kan sikeli ɗaya. A gida ba a buƙatar wannan lissafi, ana buƙatar dai kada a ci mutum tara a kan abin da bai taɓa sani ba.

Aikin yana farawa da zagaya gida da takarda. A rubuta duk abin da dattijon ke taɓawa mai maɓalli ko lamba ko wuta: waya da cajarta, rediyo, talabijin da rimot ɗinsa da na dikoda, fanka, tocila, dutsen guga, tukunyar gas ko risho, butar lantarki, mitar wuta, janareto da makunnin sauya layi, na'urar awon jini, ta awon suga, katin banki, mota ko babur. Wayar kuma a farfasa ta, kada a bar ta abu ɗaya. Ɗaga kira daban, nemo suna a kira daban, saka kati, duba ragowar kuɗi, sauraron saƙon murya a WhatsApp, aika shi, tura kuɗi. A mutum guda za a iya samun ɗaga kira lafiya ƙalau, tura kuɗi kuwa ya rushe tun bara.

A kan kowanne sai a tambayi shi kansa mai abin, a sanya amsar a ɗaya daga matakai biyar: yana yi ba gargada, yana yi da ɗan kokwanto, yana yi da wahala sosai, ba ya yi sai da wani a gefensa, ko ya daina duk da cewa yana da bukata. Matakin ƙarshen nan shi ake yawan tsallakewa, alhali ya fi kowanne magana. Idan aka ji "ai na daina sauraron rediyon nan, surutu ne kawai" daga bakin mutumin da labaran safe ba sa wuce shi shekara talatin, a bincika. Wataƙila da gaske ya gaji. Wataƙila kuma kamo tashar ne ya gagara, ya rufe da wannan magana.

Yadda ake tambayar ma yana da nasa. "Baba, ka iya saka kati?" tambaya ce da amsarta ɗaya ce, domin babu dattijon da zai ce wa ɗansa bai iya ba. Gara a ce, "Baba, wa ya saka maka kati na ƙarshe? Yaushe rabonka da ka saka da kanka?" Sannan a keɓe da wanda ya fi zama da shi, mata ko 'ya ko jikan da ake aika, a yi masa tambayoyin nan dai. Amsoshin biyu sukan saɓa, kuma saɓanin shi kansa bayani ne. Cutar tana rage wa mutum sanin rauninsa, ba ƙarya yake yi ba idan ya ce komai lafiya. Iyali kuma suna kuskure ta fuska biyu: wanda ya gaji da jinya yakan ƙara gishiri, wanda ke jin nauyi yakan rage. A gidajenmu akwai ƙarin wani abu da ke ɓoye matsalar shekaru. Tarbiyya ce yaro ya karɓi aiki daga hannun babba. Da Baba ya ɗauko waya, jika ya miƙo hannu, "kawo in yi maka". Ladabi ne mai kyau, amma yana sa ba wanda ya san yaushe Baba ya daina iyawa, har shi kansa.

Shi ya sa kallo ya fi tambaya. A zaɓi abu biyu ko uku daga jerin, nasa na kansa, ba aron na wani ba, waɗanda yake yi amma da ɗan ƙalubale. A yi a inda ya saba yi, da hantsi lokacin da hankali ya fi kwanciya, domin masu wannan ciwo da yawa sukan ƙara rikicewa daga la'asar zuwa magariba. Tabarau a ido, haske isasshe, a kashe talabijin, a sallami yara. A nemi izininsa a gaya masa gaskiyar abin da ake yi: "Baba, so nake in ga yadda kake yi, don mu san inda wayar ke ba ka wahala." Sai a ja baki a yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin nuna maɓalli. A ba shi kamar minti ɗaya yana lalube kafin a ce komai, in za a taimaka a fara da kalma ("duba ƙasan allon"), sannan nuni da yatsa, sai a ƙarshe a karɓa. A rubuta wane irin taimako ne ya fitar da shi.

Ɗauki saka token a mitar wuta, aikin da ake gani ƙarami. Lambobi 20 ne, rukuni biyar na huɗu-huɗu. Sai ya nemo saƙon a waya ko takardar da aka ba shi, ya gane wace lamba ce token a cikin lambobin da ke jiki, don akwai lambar mita da ta rasit da adadin kuɗi. Sai ya ɗauki huɗu a ka, ya ɗaga ido ya danna, ya dawo ya gano inda ya tsaya. Ana cikin haka hasken wayar ya mutu, sai ya sake buɗe ta. Ya gama, ya danna maɓallin shigarwa, ya karanta ko mita ta karɓa ko ta ƙi. Mai kallo ya lura da wurin da igiyar ta tsinke. Idan ya kwafi lambar rasit, matsalar tantance bayani ce. Idan yana maimaita rukuni ko yana tsallake ɗaya, riƙe abu a ka na ɗan lokaci ne ya yi rauni. Idan ya danna duka daidai ya tsaya yana jira bai danna shigarwa ba, matakin ƙarshe ne ya faɗi. Idan mita ta ƙi karɓa shi kuma ya juya ya tafi da zaton wuta ta shiga, wannan ya fi sauran nauyi, domin bai ga sakamakon aikinsa ba. Idan kuwa yatsa ne ke danna biyu a haɗe, ko yana kai takardar har hanci, to a fara da likitan ido da duba karkarwar hannu kafin a zargi ƙwaƙwalwa. Irin abubuwan da META ke dubawa ke nan: zaɓen na'urar da ta dace, gano aikin da ake so a cikinta, bin matakai a jere, sarrafa jerin lambobi, zaɓen maɓalli, ƙarfin dannawa da saurinsa, haɗa sassa biyu kamar rimot da talabijin, bin umarnin murya, da lura da saƙon da na'ura ta bayar. Kowanne ana ba shi ɗaya daga uku: ba matsala, 'yar matsala, babbar matsala.

"Ya kasa" ba ya gaya wa kowa abin yi. "Yana ɓacewa a rukuni na uku idan hasken waya ya mutu" kuwa ya riga ya faɗi maganinsa: a rubuta token da manyan lambobi a takarda, layi biyar, ya riƙa soke kowane layi da biro.

Sai kuma a yi wa na'urar kanta adalcin tuhuma, don sau da yawa ita ce mai laifi. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya: saka kati ya koma *311*, duba ragowar kuɗi *310#. Wanda ya shekara goma sha yana danna *555* da *556# a layin MTN, sai ga shi an sauya masa. A farkon 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya tura dattawa da yawa tura kuɗi ta waya, abin da ba su taɓa yi ba, ga lambar asusu mai lamba 10, ga lambar sirri, ga layin da ke yankewa in ka yi jinkiri kaɗan. Kasa koyon sabon abu a irin wannan matsi ba daidai yake da manta abin da aka iya ba, ko da yake mai raunin ƙwaƙwalwa ya fi shan wahalar sauyi. Haka idan 'ya'ya suka saya wa Inna babbar waya ta shafawa a madadin ƙaramarta mai madannai. Busasshen yatsa ko mai kanta ba ya kama gilashi da kyau, dogon dannawa yana buɗe wani abu daban da gajere, manhaja ta sabunta kanta cikin dare maɓalli ya ƙaura. Kullum a tambaya: me ya canza, mutumin ko abin hannunsa?

Karatu ma haka. Mutane da yawa ba sa karanta boko amma suna sarrafa waya da dabarunsu: sun haddace lambobi uku na ƙarshen layin kowa, ko suna gane mutum da hotonsa, ko sun san cewa na uku a jerin kira shi ne babban ɗa. A gano dabarar tukuna, sannan a duba ko tana aiki har yanzu. Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa na asibiti irin su MMSE na 1975 da MoCA na 2005, kowanne maki 30, suna buƙatar rubutu da zane da lissafi, suna iya nuna wanda bai yi makaranta ba a matsayin mara lafiya. Don haka aka ƙirƙiro irin su gwajin IDEA, wanda aka gwada a Tanzaniya da Najeriya domin masu ƙarancin karatu. Kallon mutum da na'urarsa yana da wannan fa'ida, ana gwada shi da kansa na jiya ne, ba da ɗan boko ba.

Akwai yanayin da ba a tsayawa cika takarda. Idan rikicewar ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, jiya yana kiran kowa yau bai san yadda ake ɗaga waya ba, ga yawan barci ko sambatu, wannan ba tafiyar gigin tsufa ba ce, wadda ke zuwa a hankali cikin watanni da shekaru. A nufi asibiti a ranar. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, shanyewar ɓarin jiki, ko sabon magani duk suna kawo haka, kuma da yawansu suna warkewa. Ko a mai tafiya a hankali, likita zai so ya duba ciwon damuwa, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, raunin ji da yanar ido.

Bayan an gama, a raba abin da aka gani gida biyu: wanda kuskurensa ɓacin rai ne kawai, da wanda kuskurensa asara ce ko rai. Rimot da rediyo suna gida na farko, a bar shi ya yi ta fama da su, a sauƙaƙa kawai. A liƙe maɓallan rimot da ba a buƙata da salatif a bar uku, a ɗiga jan farce a kan tashar da yake so. Gas da janareto da maganin suga da kuɗi da tuƙi suna gida na biyu. A gas a duba abu uku: yana kunna ashana kafin ya buɗe ko yana buɗewa ya tafi neman ashana, yana rufe kan tukunyar bayan ya gama, kuma yana jin warin gas kuwa, domin jin wari yakan ragu da wuri a cutar Alzheimer. A janareto a duba ko yana sauya layi kafin ya tayar, ko yana zuba mai injin na aiki, ko ya fara shigo da shi cikin ɗaki ko zaure, inda hayaƙinsa ke kisa ba a ji ba a gani. A na'urar awon suga, karanta lambar ba ya isa, a tambaye shi me zai yi idan ya ga 60, me zai yi idan ya ga 300.

Kuɗi yana buƙatar kulawa ta daban. Mai aunawa ba ya tambayar lambar sirri, ba ya kallonta, ya kau da kai lokacin da ake dannawa. Abin dubawa shi ne ko yana karanta sunan mai asusun da ya fito kafin ya tabbatar, ko yana bambance 5,000 da 50,000 a allo, ko ya rubuta lambar sirri a bayan kati, ko yana miƙa wa mai POS kati ya faɗa masa lambar da baki. A kuma yi masa tambaya a sigar labari: "Baba, in wani ya kira ya ce daga banki yake, a ba shi lambar da aka turo yanzu ko a rufe asusu, me za ka ce masa?" Mutum yana iya danna komai daidai amma hukuncinsa ya raunana, kuma 'yan damfara irin wannan suke nema. Gyaran da ya fi aiki shi ne asusu biyu: babba wanda fansho ke shiga, da saninsa da yardarsa wani amintacce na ganin saƙon shige da fice, da ƙarami mai kati wanda ake zuba masa kuɗin mako. Yana nan yana cire kuɗinsa da hannunsa, abin da za a iya sacewa kuma kaɗan ne.

Karɓe waya gaba ɗaya, wanda shi ne abin da iyalai suka fi saurin yi, a ganina kusan kullum kuskure ne. Da ita yake jin muryar 'yarsa da ke aure a wani gari, da ita za a same shi in ya fita ya ɓata hanya, kuma abin da aka daina yi yana zubewa da sauri, ba ya dawowa. Gara a rage mata kaya: a goge lambobin da ba a kira a bar goma, a sa mutum uku a bugun gaggawa na maɓalli ɗaya, a ƙara girman rubutu da ƙarar kira, a tsawaita lokacin da allo ke ɗauka kafin ya mutu, a cire manhajar banki idan gwaji ya nuna haɗari. In ta lalace a nemo irinta sak, ko ta hannu ce, kada a ce za a yi masa gata da sabon samfuri. Idan kuma dole sai an koyar da sabon abu, a yi da wuri tun rauni yana ƙarami, mataki ɗaya a rana, a nuna daidai tun farko kada a bar shi ya yi ta kuskure, domin hannu yana haddace kuskuren kamar yadda yake haddace daidai.

A ajiye takardar da kwanan wata, da sunan kowace na'ura da samfurinta, da wanda ya yi kallon. Bayan wata shida a maimaita da na'urorin nan dai, a lokaci irin na farko, in da hali mutum ɗaya ya sake yi. In an je ganin likita, a asibitin koyarwa ne ko na ƙwaƙwalwa irin na Kaduna ko Kware ko Maiduguri, a tafi da takardun biyu da ita kanta wayar, da cajinta.